Mota marar direba: in ta yi ɓarna, wa za a tambaya?

1. Jakin da ya san hanya

Yara, kowa cikinku ya taɓa ganin jaki ya komo gida daga daji da amalanke. Mai shi ya gaji, barci ya sace shi bisa kaya, amma jaki bai ɓata ba. Ya san hanya. Ya kauce wa rami, ya ratse wa shanu, ya zo ya tsaya ƙofar gida.

To, ran nan sai jakin ya faɗa gonar maƙwabci, ya tattake hatsi. Mai gona ya kai ƙara wurin mai gari. Wa mai gari zai kira? Ba zai kira jaki ba. Jaki ba ya zuwa shari'a, ba ya rantsuwa, ba shi da abin biya. Mai jaki za a kira, domin shi ne mai hankali, kuma shi ne ya yi barci.

Ku riƙe wannan misali da kyau. Yau za mu yi karatu bisa wata irin mota wadda take tafiya ba direba. Ba ta iso garuruwanmu ba tukuna. Amma a wasu biranen Amurka da ƙasar Sin tana ɗaukar fasinja kowace rana, ana biyan kuɗi. Ta kawo amfani, ta kuma kawo tambayoyi masu nauyi, waɗanda manya suke ta gardama bisa gare su har yanzu. Mu ma za mu gwada hankalinmu.

2. Yaya take tafiya?

Direba yana aiki da idanunsa, da ƙwaƙwalwarsa, da hannuwansa da ƙafafunsa. An yi wa wannan mota madadin kowanne.

Idanunta su ne kyamarori da aka kafa gaba da baya da gefe. Akwai rada, mai auna nisan abu da gudunsa. Yawancinsu kuma suna da wata na'ura bisa rufi, mai harba hasken leza ko'ina. Hasken ya bugi abu ya dawo, sai ta san inda abin yake da girmansa, ko da cikin duhu. An ba ta taswirar gari, an zana kowane titi da kowace mararraba. Taurarin ɗan Adam suna taimakonta ta san inda take.

Ƙwaƙwalwarta kwamfuta ce. An nuna wa kwamfutar hotuna masu ɗimbin yawa, na mutane da motoci da kekuna da karnuka, har ta koyi rarrabe su. Kowane lokaci tana amsa tambaya uku: Mi ne ne wannan a gabana? Ina ya nufa? Mi zan yi? In ta yanke shawara, sai ta ba ƙananan injuna umurni su juya sitiyari, ko su taka birki.

Masana sun kasa irin waɗannan motoci mataki shida, daga 0 zuwa 5. A mataki na 0, mutum ne yake yin kome. A mataki na 2, mota tana taimako, amma dole direba ya zuba ido. A mataki na 4, mota tana tafiya ita kaɗai, amma cikin unguwannin da aka shata mata. Mataki na 5 shi ne motar da za ta je ko'ina, a kowane yanayi. Wannan ba a kai gare shi ba tukuna.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A shekarar 2004, wata hukumar bincike ta sojojin Amurka ta shirya tsere cikin hamada, tafiyar fiye da kilomita 200. Ba motar da ta kai. Wadda ta fi ƙoƙari ba ta cika kilomita 12 ba ta maƙale. A 2005 aka sake. Wannan karo mota biyar suka kai ƙarshe. Ta jami'ar Stanford ta zo ta ɗaya, ta yi kilomita 212 cikin abin da bai kai awa 7 ba, aka ba masu ita dalar Amurka miliyan 2. A 2009 kamfanin Google ya shiga aikin. A 2016 sashen ya zama kamfani mai suna Waymo. A watan Oktoba na 2020 Waymo ya buɗe wa jama'a taksi marar direba a wajen birnin Finiks, cikin jihar Arizona.

3. Domin mi ake son ta?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa mutum kimanin miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa kowace shekara saboda haɗarin hanya. Wannan ya fi yawan mutanen da aka samu a birnin Yamai lokacin ƙidayar 2012. Ke nan kowace rana ana rasa fiye da mutum 3000. Cikin yara da samari masu shekara 5 zuwa 29, ba abin da yake kisa kamar haɗarin hanya.

Mi yake kawo haɗari? Sau da yawa gudu ne fiye da ƙima, ko barci, ko maye, ko duban waya. Masu ƙera mota marar direba suna cewa: motarmu ba ta barci, ba ta shan giya, ba ta fushi, ba ta gasa da kowa. Suna cewa kuma makaho da tsoho da gurgu za su je inda suke so ba tare da jiran wani ba. Kamfanin Waymo ya fitar da lissafi mai nuna motocinsa ba su yawan haɗari kamar motocin mutane a titunan da suke aiki.

Wannan magana tana da ƙarfi. Amma motar tana da nata rauni. Ruwan sama mai ƙarfi da hazo da ƙanƙara suna rage mata gani. Kuma ba ta fahimtar mutane yadda mutum yake fahimtar ɗan'uwansa. Direba na gari in ya ga ƙwallo ya gangaro kan titi, ya san yaro yana biye. In ya ga tsohuwa ta ɗaga hannu, ya san nufinta. Kwamfuta sai abin da aka koya mata. To, abin da aka manta ba a koya mata ba fa?

4. Abin da ya faru a Tempe

Tempe gari ne kusa da Finiks. A can kamfanin Uber yake gwajin motocinsa. Ran Lahadi 18 ga watan Maris na 2018, wajen ƙarfe 10 na dare, ɗaya daga cikin motocin tana tafiya bisa babban titi. Kwamfuta ce take tuƙi. Akwai wata ma'aikaciya zaune a kujerar direba. Aikinta ta sa ido, in ta ga matsala ta karɓi sitiyari.

A daidai lokacin, wata mata mai shekara 49 tana ƙetare titin a ƙafa, tana tura kekenta da kaya. Wurin ba mashigin masu tafiya a ƙafa ba ne, kuma akwai duhu. Motar ta buge ta. Aka kai ta asibiti, rai ya yi halinsa. Ita ce mai tafiya a ƙafa ta farko da aka sani mota mai tuƙa kanta ta kashe.

Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta bi diddigin abin, ta fitar da sakamako a 2019. Ga abin da ta gano.

Motar ta hangi matar tun da sauran sakan 5 da ɗoriya, tana gudun kimanin kilomita 70 a awa. Tsakaninsu ya fi mita 100, wato tsawon filin ƙwallo. Da akwai lokacin tsayawa. Amma kwamfuta ta rikice. Ta ce mota ce, ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, ta ce keke ne. Duk sa'ad da ta sake suna, sai ta manta inda abin ya nufa, ta soma lissafi daga farko. Ba a koya mata cewa mutum yana iya ƙetare titi a inda ba mashigi ba.

Da sauran sakan 1 da ɗan kaɗan ta gane za a yi karo. Duk da haka ba ta taka birki ba. Masu aikin sun shirya ta ta dakata sakan ɗaya kafin birki mai ƙarfi, domin kada ta riƙa tsayawa a banza. Kuma motar ta zo daga masana'anta da nata birkin gaggawa, amma kamfanin ya kashe shi lokacin gwaji.

Ma'aikaciyar fa? Idonta ba ya kan hanya. Tana duban wayarta, ana nuna wani shirin talabijin. Ta ɗago kai lokacin da ba sauran dabara. A da mutum biyu ake sawa cikin kowace motar gwaji. Kafin haɗarin, kamfanin ya rage ya bar mutum ɗaya.

5. Laifin wa?

Yanzu ku zama alƙalai. Ga waɗanda abin ya shafa.

Ma'aikaciyar: an ba ta amana, ta yi sakaci. Amma ku yi tunani. Mutum ya zauna awa da awa, ba ya taɓa kome, mota tana tafiya lafiya lau. Hankalinsa zai tsaya wuri ɗaya? Masana sun daɗe da sanin cewa mutum ba ya iya gadin na'ura na dogon lokaci ba tare da hankalinsa ya tafi wani wuri ba.

Masu rubuta umurnin kwamfuta: sun manta da mai ƙetare titi, sun jinkirta birki.

Shugabannin kamfani: su suka kashe birkin gaggawa, su suka rage ma'aikata, su suka fito da mota bisa titin jama'a kafin ta ƙware.

Hukumar jihar: ita ta ba da izinin gwaji, ba ta sa sharuɗɗa masu ƙarfi ba. Mutanen Tempe kuwa ba wanda ya tambaye su ko sun yarda a yi gwaji inda suke tafiya.

Ga yadda abin ya ƙare. Kamfanin ya sasanta da iyalin marigayiyar. A 2019 mai gabatar da ƙara ya ce ba za a tuhumi kamfanin da babban laifi ba. A 2020 aka tuhumi ma'aikaciyar. A 2023 ta amsa laifin jefa rai cikin haɗari, aka yanke mata shekara 3 ƙarƙashin sa idon hukuma, ba a kai ta gidan kaso ba. Uber kuwa ya sayar da sashen motocin a ƙarshen 2020.

Wasu suka ce hukunci ya yi daidai. Wasu suka ce an kama ƙarami an bar babba. Hausawa suna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jaki mai shi ɗaya ne, saboda haka shari'arsa ba ta da wuya. Wannan mota hannu dubu suka yi ta. In hannu ya yi yawa, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa.

Wani abu ya sake faruwa a San Faransisko a watan Oktoba na 2023. Wata mota mai direba ta buge wata mata, ta wurga ta gaban taksi marar direba na kamfanin Cruise. Taksin ya taka ta ya tsaya. Sa'an nan ya so ya ratse gefe, bai san tana ƙarƙashinsa ba, ya ja ta kimanin mita 6. Ta rayu, amma ta ji mummunan rauni. Kamfanin bai gaya wa hukuma dukan abin da ya faru ba tun farko. Da gaskiya ta fito, jihar Kaliforniya ta janye izininsa. Nan mun ga cewa bayan ƙwarewa ana bukatar gaskiya.

Saboda irin wannan ne ƙasashe suka soma yin doka. A 2024 Ingila ta kafa doka mai cewa: in mota ce take tuƙa kanta da izinin hukuma, ba za a ɗora wa wanda yake ciki laifin yadda ta yi tuƙi ba. Kamfanin da ya ɗauki nauyinta shi zai amsa.

6. Wa za a ceta?

Ga wata tambaya da ta fi wuya. A ce birki ya ƙwace. A gaba akwai mutum biyar. In mota ta karkata dama, za ta buge mutum ɗaya. Mi ya kamata ta yi? Tun 1967 wata malama ƴar Ingila mai suna Philippa Foot ta kawo irin wannan tambaya, da misalin jirgin da yake bin dogo cikin gari. A lokacin gardamar masana ce kawai. Yau ta zama maganar aiki. Direba in ya shiga irin wannan hali, cikin firgita yake yin abin da ya yi. Kwamfuta kuwa tun a ofis aka shirya halinta, da gangan, ba cikin firgita ba.

Masu bincike na jami'ar MIT a Amurka sun sa irin waɗannan tambayoyi a intanet. Suka samu amsa kimanin miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233, suka bayyana sakamako a 2018. Yawancin mutane sun ce a ceci mutum kafin dabba, a ceci masu yawa kafin kaɗan, a ceci yaro kafin tsoho. Amma ba ko'ina aka yarda da ta ƙarshen da ƙarfi ɗaya ba. A Faransa an fifita yara ƙwarai. A ƙasashen gabas kamar Japan, inda ake girmama tsofaffi, fifikon bai kai haka ba. To, in mota an ƙera ta a wata ƙasa an kai ta wata, al'adar wa za ta bi?

Wani bincike na 2016 ya tono wani hali na ɗan Adam. An tambayi mutane: ya kamata mota ta sadaukar da fasinjanta domin ta ceci mutane da yawa? Suka ce i. Aka ce: za ku sayi irin wannan mota ku sa iyalinku? Sai yawanci suka ja da baya. Kowa yana son maƙwabcinsa ya sayi mota mai sadaukarwa, shi ya sayi mai kāre shi.

Ƙasar Jamus ta kafa kwamiti ƙarƙashin wani tsohon alƙalin babbar kotu. A watan Yuni na 2017 ya fitar da ƙa'ida 20. Ga uku daga ciki. Ran mutum yana gaba da dabba da dukiya. An hana mota ta zaɓi wanda za ta ceta ta duban shekaru, ko mace ce ko namiji, ko lafiyar jiki. Dole a san wanda yake tuƙi a kowane lokaci, mutum ne ko kwamfuta, a kuma rubuta.

Sai dai ku lura. Abin da ya faru a Tempe ba zaɓi ba ne tsakanin rai da rai. An yi zaɓin tun da wuri, ranar da aka kashe birki, da ranar da aka rage ma'aikata. Yawancin shawarwarin da suke ceton rai ƙanana ne: gudu nawa kusa da makaranta, tazara nawa tsakanin mota da mai keke. Rigakafi ya fi magani.

7. Abincin direba

Akwai sauran magana. A Amurka kimanin mutum miliyan 2 suke tuƙin manyan motocin kaya. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, inda kamfanin Baidu ya zuba taksi marasa direba, direbobin taksi sun koka a 2024 cewa ana ƙwace musu abinci.

Ku tuna tashar garinku. Mota ɗaya tana ciyar da direba, da yaron mota, da ɗan kamasho, da mai abinci, da iyalansu. Direba kuma shi ne mai kai saƙo ƙauye, mai ɗaukar marar lafiya da dare, mai yi wa tsoho rangwame. In na'ura ta karɓi aikin, wasu sababbin ayyuka za su fito, kamar gyaran na'urori da lura da motoci daga ofis. Amma wanda ya rasa tsohon aiki ba lalle ba ne shi zai samu sabon. Riba ta tafi wurin wa? Wa zai taimaki wanda ya rasa?

Motar kuma tana ɗaukar hoton duk inda ta bi, tana rubuta inda fasinja ya hau da inda ya sauka. Wa yake ajiye wannan labari? Wa aka yarda ya gani? Wannan ma sai an yi doka.

Abin riƙewa

Na'ura tana iya gani da lissafi da sauri fiye da mutum. Amma ba ta ɗaukar amana, ba ta jin kunya, ba ta tsayawa gaban alƙali. Duk abin da ta aikata, akwai mutanen da suka ƙera ta, da waɗanda suka sake ta bisa hanya, da waɗanda suka ba da izini. Su ne masu amsawa.

Ma'anar kalmomi

Rada: na'ura mai auna nisan abu da gudunsa.
Taswira: zanen gari ko ƙasa bisa takarda ko cikin kwamfuta.
Sakaci: ƙin kula da abin da aka damƙa maka.
Tuhuma: zargin mutum da laifi gaban shari'a.
Ƙa'ida: sharaɗin da aka yarda a bi.
Sadaukarwa: ba da naka domin wani ya tsira.

Tambayoyi

1. Domin mi mai gari yake kiran mai jaki, ba jaki ba?
2. Waɗanne tambayoyi uku kwamfutar mota take amsawa?
3. Kawo amfani biyu da rauni biyu na mota marar direba.
4. Mi ya hana motar Tempe taka birki da wuri?
5. A ganinka, hukuncin da aka yanke ya yi daidai? Faɗi dalilinka.
6. Wace ƙa'idar Jamus ce ta saɓa wa zaɓin yawancin waɗanda suka amsa tambayoyin MIT? Wanne ka fi yarda da shi?

Lissafi

Mota tana gudun kilomita 72 a awa. Mita nawa take yi cikin sakan 1? Mita nawa cikin sakan 5? Ku fita filin makaranta ku auna wannan nisa da igiya.

Aikin ƙungiya

Ku kasu gida biyar. Gida ɗaya ya tsaya wa iyalin matar, ɗaya ma'aikaciyar, ɗaya kamfanin, ɗaya hukumar jihar. Gida na biyar su ne alƙalai. Kowane gida ya yi magana minti 3, ba a katse shi. Alƙalai su yanke hukunci, su faɗi dalili. Sa'an nan ku sake gidaje ku maimaita. Hukuncin ya sake?

Bincike

Ku je tasha tare da malam. Ku gai da direbobi da ladabi, ku tambayi wanda ya daɗe a aikin: Baba, mi kake gani a hanya da wanda bai ƙware ba ba ya gani? Ku ƙidaya sana'o'in da suke cin abinci a tashar. Ku rubuta abin da kuka samu cikin littafin aji.

Rubutu

A ce an zo neman izinin gwada mota marar direba a garinku, mai gari ya nemi shawararka. Rubuta sharuɗɗa 5 da za ka ce a cika kafin a yarda.